Aikin Dala Daga Ɗaki: Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Ɗaukar Asara?

Filin Tambaya da Amsa

Tambayoyin wannan fitowa daga Kebbi da Zamfara suka zo, kuma duk a kan abu ɗaya suke: ayyukan kwamfuta da kamfanonin Amurka da Turai ke turowa ƙasashe irin namu saboda arhar lada. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunaye.

Tambaya: Na gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ban sami aiki ba. Yanzu na sami wani dandali a intanet da ke biyan dala 2 a awa. Ina zagaye motoci da mutane a cikin hotuna, wani lokaci kuma in duba amsoshin da na'ura ta rubuta da Hausa. Abokina ya ce bautar zamani ce, mahaifina ya ce in gode wa Allah. Wa ya fi gaskiya? (Wani matashi, Birnin Kebbi)

Amsa: Malam, aikin da kake yi koyar da na'ura ne. Ƙirƙirarriyar basira ba ta bambanta mota da amalanke sai an nuna mata dubban misalai da mutum ya sa wa alama da hannunsa. Aikin halal ne, kuma ba ƙaramin amfani yake da shi ga masu shi ba. Abin dubawa shi ne yadda kuɗin ke gangarowa. Kamfanin da ya mallaki manhajar yana ba ɗan kwangila, ɗan kwangila ya buɗe dandali ko ya ba wani ƙaramin ɗan kwangila, kai ne na ƙarshe a layi, kuma kowa sai ya gutsiri nasa kafin ya miƙa. A Janairun 2023 mujallar TIME ta fallasa misali ɗaya da ya zama abin kwatance: OpenAI, mai ChatGPT, ya riƙa biyan kamfanin Sama dala 12.50 a kowace awar aiki, su kuwa ma'aikatan Nairobi da ke yin aikin suna komawa gida da tsakanin dala 1.32 zuwa 2. Sama ya ce ragowar tana tafiya ne ga kayan aiki, da masu duba inganci, da shugabannin rukuni. Ko an karɓi wannan bayani, rabon ya nuna wanda ke da bakin magana a cinikin.

Hujjar kamfanoni ita ce rayuwa ta fi arha a nan. Akwai gaskiya a ciki, domin hayar ɗaki a Badariya ba ɗaya take da ta San Francisco ba. Amma kwamfutar da kake aiki da ita, da batirinta, da na'urar intanet, duk da dala ake shigo da su. Ma'aikacin da ke ofis a can kuma ba shi ke sayen wuta da kujera ba, kai kuwa kai ke saye. Don haka kada ka auna aikin da dala 2 ɗin da aka rubuta. Yi lissafin da kanka.

Ga misali, mu ɗauka dala tana naira 1,500, sai ka canza alƙaluman da naka. Ka zauna awa 6, amma awa 4 kawai aka ƙirga, sauran sun tafi wajen jiran aiki, da karanta umarni, da jarrabawar cancanta, da ɗaukewar sabis. Wannan ba baƙon abu ba ne. Binciken da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018, kan ma'aikata 3,500 a ƙasashe 75, ya gano cewa a kowace awar da aka biya akwai kimanin minti 20 da ba a biya ba, kuma matsalar wuta da sabis na ƙara wa namu yawa. Awa 4 dala 8 ke nan. A ce an ƙi karɓar kashi 10 cikin ɗari na aikin, saura dala 7.20. Kuɗin cirewa da bambancin canji su ci kashi 5, saura dala 6.84, wato naira 10,260. Cire data naira 1,000. Cire fetur: ƙaramin janareta kan sha wajen rabin lita a awa, awa 3 lita ɗaya da rabi, ka ce naira 1,500. Kwamfutar hannu ta naira 300,000 da za ta yi maka kwanakin aiki 500 tana cin naira 600 kullum. Abin da ya rage naira 7,160, ka raba da awa 6 ɗin da ka zauna, ka sami kusan naira 1,190 a awa. Bai kai dala ɗaya ba.

Duk da haka mahaifinka yana da hujja. Mafi ƙarancin albashi a Kebbi naira 75,000 ne tun 2024, in ka raba da awa 173 na aikin wata zai ba ka wajen naira 430 a awa. Kana samun kusan ninki uku. Sai dai mai albashi yana da tabbacin watansa, kai kuwa ba ka da tabbacin gobe. In kwana 8 kawai aiki ya faɗo a wata, ka tashi da naira 57,280, ƙasa da mafi ƙarancin albashi. Sai ka yi kwana 11 kafin ka haura shi. Babu fansho, babu hutun rashin lafiya, babu sanarwa kafin sallama.

A ganinmu a nan zaluncin yake, ba a bambancin lada kaɗai ba. Kamfani ya riƙe riba da mallakar abin da aka gina, ya sauke maka tsadar kayan aiki, da asarar ranar da babu aiki, da hukuncin na'urar da ba ka iya ja da ita, sannan ya ɓuya a bayan 'yan kwangila yadda ba ka da wanda za ka kama. Ci gaba da aikin in lissafi ya fita. Amma ka buɗe littafi, kullum ka rubuta awar da ka zauna, da awar da aka biya, da abin da ka kashe. Bayan wata ɗaya littafin zai raba gardamar da ke tsakanin abokinka da mahaifinka.

Tambaya: 'Yata ta sami tayin aiki a wata ƙasar Afirka ta Yamma. Wai za ta riƙa duba abubuwan da ake sakawa da Hausa a shafukan sada zumunta tana cire marasa kyau. Akwai masauki da tikitin jirgi, albashin kuma ya ninka na koyarwar da take yi. In bar ta ta tafi? (Wani uba, Gusau)

Amsa: Alhaji, kalmar "marasa kyau" ta rufe abubuwa da yawa, kuma ya kamata ku san su kafin a sa hannu. Mai wannan aiki yana zama a gaban allo wuni guda, ana jero masa abubuwan da jama'a ko na'ura suka kai ƙara: yankan mutane, fyaɗe, lalata da ƙananan yara, kisan kai, gawarwakin hatsari. Ana ba shi daƙiƙoƙi ya yanke hukunci, ana kuma auna saurinsa da daidaitonsa. Ga 'yar Zamfara akwai ƙarin nauyi da ba kowa ke hangowa ba. Wani ɓangare na abin da ke yawo da Hausa bidiyon 'yan bindiga ne da na waɗanda suka kama. Tana iya jin karin harshen garinsu, ko sunan ƙauyen da ta sani.

An riga an ga inda hanyar ke kaiwa. A cibiyar Sama ta Nairobi, inda aka riƙa tace wa Facebook abubuwa cikin harsunan Afirka har da Hausa, TIME ta ruwaito a 2022 cewa wasu na karɓar abin da bai wuce dala 1.50 a awa ba. Daniel Motaung, ɗan Afirka ta Kudu da aka kora a 2019 bayan ya yi yunƙurin kafa ƙungiya, ya kai ƙarar Sama da Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, a 2022. A farkon 2023 Sama ya bar aikin, aka sallami mutum 260, wajen 185 daga cikinsu suka tafi kotu. Meta ya ce shi ba shi ya ɗauke su aiki ba, sai a Satumban 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kenya ta tabbatar cewa ana iya tuhumarsa a can. A Disamban wannan shekarar aka bayyana cewa likita ya sami fiye da 140 daga cikinsu da ciwon firgicin da ke biyo bayan ganin mummunan abu. Ku kwatanta da Amurka, inda a 2020 Facebook ya amince ya biya masu irin wannan aiki dala miliyan 52. Ciwon ɗaya ne, amma na Nairobi sun kwashe shekaru suna shari'a a kan ko kotu ma tana da hurumin sauraronsu. Cikinsu akwai 'yan arewacin Najeriya, kamar Kauna Malgwi, wadda daga baya ta jagoranci reshen Najeriya na ƙungiyar masu wannan aiki. A 2025 kuma rahotanni suka nuna aikin ya koma Accra, da irin koke-koken da aka ji a Nairobi.

Ba muna cewa aikin abin kunya ba ne. In babu mai jin Hausa da zai tace, bidiyon tunzura jama'a da ƙarairayin da ke haddasa rikici za su yi ta yawo a wayoyin 'ya'yanmu. Aiki ne mai haɗari kamar na ɗan kwana-kwana, don haka sai da kayan kariya.

Kafin ta amsa, ta nemi waɗannan a rubuce. Sunan kamfanin da zai ɗauke ta, ba sunan shafin da za ta yi wa aiki ba, da ƙasar da za a yi shari'a in an saɓa. Irin abubuwan da za ta gani, ƙarara, da yawan awannin da za ta yi a kan masu muni kullum. Ko manhajar aikin tana barin ta dusashe hoto, ta mayar da shi baƙi da fari, ta kashe sauti. Ko akwai ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa da ba ya kai wa shugabanta rahoton abin da ta faɗa, domin "mai ba da shawara" da kamfani ke juyawa ba likita ba ne. Ko inshorar lafiya za ta ci gaba bayan ta bar aiki, tun da ciwon kan bayyana ne daga baya. Takardar rufe baki da za ta sa wa hannu kada ta hana ta magana da likita ko lauya. Fasfonta ya zauna a hannunta, tikitin dawowa kuma ya zama haƙƙinta ko da ita ta ajiye aikin, domin da aka yi sallamar Nairobi baƙi ne suka fi shan wuya, izinin zamansu na ɗaure da aikin da ya ƙare. Wanda ya kawo tayin kuma ya nuna lasisin ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. In ya nemi kuɗi tun farko ko ya ce a ba shi fasfo ya ajiye, ku tuntuɓi NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane.

In sun ƙi amsa waɗannan a rubuce, shawararmu kada ta tafi. In ta tafi, ku riƙa lura da rashin barci, da mugun mafarki, da saurin fushi, da gudun mutane. Addu'a da kulawar gida suna da muhimmanci, amma a haɗa da asibiti. Akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a nan Gusau, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato.

Tambaya: Na wayi gari an rufe asusuna a dandalin da nake aiki, da dala 140 a ciki. Saƙon ya ce na "saɓa ƙa'ida", bai faɗi wace ba. Na aika imel sau da yawa, na'ura ke ba ni amsa. Ina zan kai kuka? (Wata ɗaliba, Ƙauran Namoda)

Amsa: Malama, za mu faɗa miki gaskiya: dawo da kuɗin yana da wuya, kuma da gangan aka tsara abin haka. Sharuɗɗan da kika danna "na yarda" a kansu galibi suna cewa ke ba ma'aikaciya ba ce, mai zaman kanki ce, ana iya rufe asusu ba tare da dalili ba, kuma duk saɓani a gaban mai sasantawa za a yi shi a wata ƙasa. Dokar mafi ƙarancin albashi ta Najeriya ma ta cire masu aikin jinga. Ba ke kaɗai ba ce. A Maris 2024 dandalin Remotasks na kamfanin Scale AI ya rufe ƙofa ga Kenya da Najeriya da Pakistan ba zato, mutane da dama suka ce da kuɗinsu a ciki. Bayan wata biyu ma'aikata 97 a Kenya suka rubuta wa shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, buɗaɗɗiyar wasiƙa a kan haka da makamantansa.

Amma akwai abin yi. Da farko tattara shaida: imel ɗin rajista, rasiɗin biyan da aka taɓa yi miki, da duk hoton allo da ke nuna ragowar kuɗin. Sannan ki rubuta wasiƙa ɗaya gajera, ba ta roƙo ba, mai ɗauke da lambar asusu, da adadin kuɗi, da ranakun aiki, ki ba su kwana 14. Ki aika wa adireshin jami'in kare bayanai da ke cikin takardar sirrin dandalin, domin can ne aka fi samun mutum ya karanta. Ki ambaci Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023. Ta ba ki haƙƙin neman kwafin bayanan da suke riƙe da su a kanki, ta kuma ba ki haƙƙin ƙin hukuncin da na'ura ta yanke ita kaɗai in ya shafe ki sosai, da neman mutum ya sake dubawa. In sun yi shiru, ki kai ƙorafi ga Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa. In kuwa ta hannun wani wakili mai rajista a Najeriya kika sami aikin, to shi kina iya kai shi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma kotun kan duba yadda dangantakar take a zahiri, ba sunan da aka laƙaba mata a takarda kaɗai ba. Ki nemi sauran waɗanda abin ya shafa ku rubuta tare. A Nairobi sai da masu tacewa wajen 150 suka haɗu ranar 1 ga Mayun 2023 suka kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiya kafin aka fara jin muryarsu sosai.

Abubuwan da suka fi jawo rufe asusu sanannu ne: amfani da VPN, wato manhajar ɓoye inda mutum yake, shiga daga na'urori daban-daban, mutum biyu a layin intanet ɗaya, suna a katin shaida da bai yi daidai da na asusun biya ba, ko faɗuwar maki a tambayoyin gwaji da ake ɓoyewa cikin aiki. Wasu ba laifin kowa ba ne. Ɗalibai biyar da ke raba intanet ɗaya a ɗakin kwana, na'ura na iya ɗaukarsu mutum ɗaya mai asusu biyar. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara a Satumban 2021, na makonni, babu sharaɗin dandali da ya tanadi uzuri ga irin wannan.

Sayen asusun Ba'amurke ko hayarsa kuwa, ba ma goyon baya. Yaudara ce, kuma ranar da aka kama ba ki da bakin magana. Amma yadda wannan kasuwa ta bunƙasa shaida ce a kan kamfanonin: aiki ɗaya, hannu ɗaya, lada ya ninka don kawai adireshi ya canza. Nan gaba ki riƙa cire kuɗi da zarar sun kai adadin da aka yarda a cire, kada ki mayar da dandali banki.

Tambaya: Wasu sun zo garinmu suna ba naira 2,000 a ɗauki muryar mutum yana karanta jimloli, da hoton fuskarsa ta ɓangarori. Har yara ake ɗauka. Akwai matsala? (Wani malamin Islamiyya, Argungu)

Amsa: Allah ya gafarta Malam, tattara muryoyin Hausa ba laifi ba ne, da shi ne manhajoji za su iya jin harshenmu. Akwai masu yi a fili, kamar shirin Common Voice na Mozilla, inda mutum ke ba da murya don kowa ya amfana kyauta, ya kuma san haka tun farko. Matsalar ita ce wanda ya karɓi 2,000 bai san wa ya sayar wa ba, ko don me, ko har yaushe. Murya da fuska ba sa canzuwa kamar lambar waya. Da ɗan gajeren sauti ana iya kwaikwayon muryar mutum a kira danginsa a nemi kuɗi.

Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba bayanan jiki da ake gane mutum da su kariya ta musamman. Dole a bayyana wa mutum dalili cikin harshen da yake ji, yana da ikon janye yardarsa, yaro kuma sai da izinin iyaye ko mai riƙo. Kenya ta dakatar da kamfanin Worldcoin a Agustan 2023, bayan jama'a sun yi dogayen layuka ana ɗaukar hoton ƙwayar idonsu don kuɗin intanet, a 2025 kuma babbar kotun ƙasar ta ba da umarnin a goge bayanan. Ɗaya daga cikin damuwar ita ce yardar da aka saya da kuɗi daga mabukaci ba cikakkiyar yarda ba ce.

Ku tambaye su sunan kamfani da lambar rajistarsa, da wanda zai karɓi bayanan a ƙarshe, da ko za a sayar wa wasu, da yadda mutum zai sa a goge nasa. Su bar kwafin takardar yarda da Hausa. Kada kowa ya haɗa da lambar NIN ko BVN ko hoton katin shaida, domin koyar da na'ura magana ba ya buƙatarsu. Hoton fuskar yara kuwa, muna ganin a hana gaba ɗaya.

Tambaya: Wani kamfanin waje ya ba ni kwangilar mayar da sautin Hausa na awa 200 zuwa rubutu, dala 30 kowace awar sauti. Matasan unguwa sun yarda da naira 5,000 a kan awa, har suna godiya. Tun da sun yarda, akwai laifi? (Mai shagon kwamfuta, Talatar Mafara)

Amsa: Ɗan'uwa, mun ji daɗin wannan tambaya, domin sau da yawa matakin ƙarshe na matsin ba Bature ke yin sa ba, namu ne. Dala 30 a canjin 1,500 naira 45,000 ce. In ka ba su 5,000, sun sami kashi 11 cikin ɗari, kusan rabon da ma'aikacin Nairobi mafi ƙarancin lada ya samu daga dala 12.50. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wataƙila ba su san cewa awar sauti ba awar aiki ba ce. Rubuta sauti na awa ɗaya kan ci awa 5 zuwa 6 ga wanda hannunsa ya faɗa, ya kuma haura haka in akwai hayaniya, ko mutane na katse juna, ko an ce a sa alamar lokaci. Yardar wanda bai san girman aiki ba, kuma ba shi da wani zaɓi, ba ta wanke ka ba. A shari'a ma sharaɗin ijara ne a san aiki a san lada.

Ga rabon da muke ganin ya yi adalci a kan kowace 45,000: mai rubutu 20,000, mai dubawa 6,000, wuta da intanet da haya 6,000, kuɗin banki da canji 2,500, ajiyar ko-ta-kwana don aikin da za a dawo da shi 4,500, ribarka 6,000. A awa 200 ribar ta kai naira miliyan 1.2, ban da abin da ya rage a ajiya. In su ke sayen data da wuta da kansu, kason nan nasu ne.

Wannan ma shi ya fi maka tsaro. Wanda aka biya kaɗan zai yi gaggawa, ya tura sautin ga manhaja ya kwafo, ya bar ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa, kamfani ya dawo da kashin gaba ɗaya. Kafin a fara, ka rubuta ƙa'idar aiki ta shafi biyu: yadda za a rubuta haruffa masu lanƙwasa, da lambobi, da kalmomin aro, da wurin da ba a ji ba. Ka tambayi kamfanin tun yanzu ko a rubuta "shina" da "mi" yadda mai magana ya faɗa, ko a mayar da su "yana" da "me". Rashin daidaita wannan kaɗai na iya ɓata aikin mako guda. Ka ba kowa gwajin minti 10, ka kuma biya shi.

Sai batun biya. Kamfanonin waje kan jinkirta kwana 30 zuwa 60. Kada ka ɗora wa yaran wannan jira. Nemi kafin alƙalami na kashi 30, ka riƙa miƙa aikin kashi-kashi, awa 20 a lokaci guda, kana biya kowane mako. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. In aka ƙi aikin wani, nuna masa inda kuskuren yake, ba shi damar gyarawa, ka biya ɓangaren da ya yi daidai. In dala ta tashi a tsakiyar kwangila, su ma su gani a ladansu. In sautin na ɗauke da abin tayar da hankali, faɗa musu kafin su saka abin ji a kunne. Duk wannan ya shiga takarda ɗaya da Hausa, kowa ya riƙe kwafi. In kuma abin ya ɗore har ka ɗauke su aikin wata-wata, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora maka biyan kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi ga asusun inshorar ma'aikata na NSITF, kuma dokar ta haɗa har da lahanin ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo.

Tambaya: In haka abin yake, me ya sa gwamnati ba za ta hana ba? (Wata malamar makaranta, Yawuri)

Amsa: Malama, hani zai kori aikin ne kawai zuwa wata ƙasa. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2023 cewa masu irin wannan aiki ta intanet sun kai tsakanin miliyan 154 zuwa 435, kuma wannan yawa shi ke karya farashi. Gwamnati ma nemansa take yi: akwai shirin 3MTT na horar da matasa miliyan 3, akwai kuma shirin jawo ayyukan waje da aka ƙaddamar a Gombe a 2024. Abin da muke so shi ne a daina tallata matasanmu da arha kaɗai.

Jiha tana da abin da za ta iya. Duk kamfanin da zai yi amfani da cibiyar kwamfuta ta gwamnati, ko ya ɗebi waɗanda aka horar da kuɗin jama'a, a sa masa sharaɗi: rajista a Najeriya, shari'a a kotun Najeriya, ranar biya a rubuce, da mutum mai suna da za a ɗaukaka ƙara gare shi. Ma'aunin yana nan a shirye, domin shirin Fairwork na Jami'ar Oxford yana auna dandali da abubuwa biyar: lada, yanayin aiki, kwantiragi, shugabanci, da wakilci. A Yunin 2025 kuma taron Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ya amince a tsara yarjejeniya ta musamman a kan aikin dandali. Kebbi na da gwamnan da ya taɓa shugabantar ƙungiyar malamai ta ƙasa, don haka maganar haƙƙin ma'aikaci ba baƙuwa ba ce a gidan gwamnati.

Horon kuma kada ya tsaya a matakin ƙasa. A 2019 kamfanin Andela ya sallami ƙananan masu rubuta manhaja wajen 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, saboda abokan cinikinsa sun koma neman ƙwararru. Zagaye mota a hoto aiki ne da na'urar da ake koyarwa za ta karɓe. Jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero da Gusau su sa a manhajar karatunsu duba ingancin bayanai, da daidaitaccen rubutun Hausa, da karanta kwantiragi, da yadda ake neman kwangila kai tsaye ba ta hannun dillali na uku ba.